Darasi: Wutar Daji Da Abin Da Take Yi Wa Kurmi

Darasinmu na wannan fitowa a kan wutar daji ne, domin duk mai kawo shanu daga Faga zuwa Kumasi ya san yadda hayaƙi ke rufe hanya in hunturu ya kama.

Abu na farko, wutar arewa daban, ta kurmi daban. Kaɗanya da ɗorawa ɓawonsu kauri gare shi, wuta ta wuce su sake toho. Amma yawancin itatuwan kurmi ba su saba da wuta ba, ɓawon nasu ba kauri, sai su bushe a tsaye. In manya suka faɗi, rana ta sami ƙofa, ƙasa ta bushe, sai tofa da ciyawar nan da ake kira Acamfon su mamaye wurin. Su kuwa makamashi ne, wutar baɗi sai ta fi ta bana. Da haka kurmi ke komawa fili, rafukan da ake shayar da dabbobi su ƙafe da wuri.

Dattawa ba su manta 1983 ba. Fari ya haɗu da gobara, gonakin koko da na abinci suka ƙone, yunwa ta shigo Gana. Bayan haka gwamnatin PNDC ta kafa dokar hana ƙona daji, ta sabunta ta a 1990.

To, ina ruwanmu? Wani zai ce ai ƙuna ke kawo sabon toho. Gaskiya ne, amma tohon na 'yan kwanaki ne. Wutar Janairu da Fabrairu zafi gare ta, takan cinye busasshiyar ciyawar da za ta riƙe shanu har damina, ta ƙone taki, ruwan farko kuma ya wanke tokar. Saniya ta rame, mahauci ya karya mata kuɗi. Ga husuma da manoma, wadda ke rufe mana hanya.

Saboda haka kowane maigida ya ja kunnen yaransa: a kashe wutar zango da ƙasa kafin a tashi, kada a jefa guntun taba a ciyawa, kada a bi mafarauta wajen cinna wa daji. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, amin. Wassalam.