Rediyon Tafi-da-gidanka a Cikin Hunturu: Sanyi, Ƙura da Batir

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin madatsar ruwa ta Goronyo a watan Janairu ya san abin da ake kira jaura. Wata shekara na je can tare da ɗalibaina domin tattara katantanwar da ke yaɗa tsargiya, muna riƙe da oba-oba guda biyu. Da asuba muka kunna, sai ɗayar ta yi shiru. Na cire batir, na jefa cikin aljihu na ɗan lokaci, da na mayar da shi sai ga magana ta dawo. Ɗalibai suka yi ta mamaki, alhali kuwa sun riga sun karanta dalilin a darasin halittu.

Dubi ƙadangare da safiyar hunturu. Ba ya iya gudu sai ya sha hantsi, domin haɗuwar sinadarai a jikinsa tana ja baya idan zafi ya ragu. A ƙiyasi, saurinta kan ragu da kusan rabi duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10. Batir ma da irin wannan haɗuwa yake samar da lantarki. Sauraro ba ya cin wuta sosai, amma da zarar an danna maɓallin magana, na'urar tana bukatar wuta mai yawa nan take, batir mai sanyi kuwa sai ya gaza. Wutarsa ba ta ƙare ba, fitowa ce ta yi mata wuya. Saboda haka masu sha'awar sadarwar rediyo a Kanada da Rasha, waɗanda kan kafa eriya a kan ƙanƙara, suke ɓoye batir cikin riga.

Sai dai a ganina, sanyinmu na Wurno da Rabah bai kai abin tsoro ba. Babbar abokiyar gabarmu ita ce ƙura, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Idan busasshiyar ƙura tana gogar doguwar wayar eriya, lantarki yakan taru a jikinta, irin wanda ke yi wa mutum tsatsat in ya cire rigar sanyi da dare. Wannan shi ke kawo ƙarar da ke danne murya, har yakan ƙona kayan cikin na'ura. Maganinsa a haɗa na'urar da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa mai danshi, a kuma cire eriya in an gama aiki. Fadamar gulbin Rima ta fi tudu dacewa da wannan nesa ba kusa ba.

Dare kuma yana da nasa alheri. Can sama akwai sashen iska mai ɗauke da lantarki wanda ke mayar da gajeren zango ƙasa, kamar yadda Edward Appleton ya tabbatar a 1924. Da rana, shimfiɗar ƙasa-ƙasa ta wannan sashe tana shanye saƙo. Rana na faɗuwa sai ta kau, muryoyin nesa su bayyana. Malami zai iya ba ɗalibai wannan lissafi: a raba 143 da megahaz 7, a sami kimanin mita 20, wato tsawon wayar eriyar wannan zango, wadda ake yankawa biyu daidai.

A 2021, lokacin da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutane sun ga amfanin hanyar sadarwa ta biyu. Amma a kula: sauraro na kowa ne, aika saƙo kuwa sai da lasisin hukuma da lambar kira, wadda a Nijeriya take farawa da 5N, a Nijar kuma 5U. A wannan yanki, ɗalibin da aka gani a daji da oba-oba ba tare da takarda ba zai iya faɗawa cikin zargi mai tsanani. Makarantar da ke son gwaji ta tsaya kan sauraro cikin harabarta, ta kuma sanar da hakimi da jami'an tsaro kafin a ɗaura waya.