Kafin Ka Barbaɗa wa Ciyawar Gidanka Taki a Amurka

Duk wanda Allah ya hore wa gida a Amurka ya san ɗawainiyar ciyawar ƙofar gida. Maƙwabta na kallo, kowa na so tasa ta yi kore shar. Sai dai zuba mata takin zamani yana da doka, kuma don kare ruwa aka kafa ta.

Takin da ciyawa ba ta sha ba, ruwan sama ne ke kwashe shi zuwa magudanar bakin titi. A unguwanni da yawa wannan magudana kai tsaye take zuba a rafi, ba a tace ruwanta. Naitirojin da fosfaras da ke cikin taki kuwa abincin gansakuka ne. Sai ta lulluɓe ruwa, in ta mutu ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi da ƙaguwa ke shaƙa. A Agustan 2014, gansakuka mai guba a tafkin Erie ta hana mutanen Toledo da ke jihar Ohio shan ruwan famfo kusan kwana uku. Takin gonaki ne babban musabbabi, amma na gida ma hanyar da yake bi ke nan.

Mu ɗauki jihar Maryland, wadda mafi yawan ruwanta ke gangarawa mashigin Chesapeake. Tun Oktoban 2013 dokarta ta hana mai gida zuba taki daga tsakiyar Nuwamba zuwa 1 ga Maris, ko ƙasa tana daskare, ko ana sa ran ruwa mai ƙarfi. Ta kuma ce a bar ƙafa 15 tsakanin taki da bakin ruwa. In ka ɗauki ma'aikaci, sai mai takardar shaida daga ma'aikatar gona ta jihar.

A kanti, juya buhu ka duba lambobi ukun da ke jikinsa. Wanda ya taɓa noma a gida ya san NPK 15-15-15. A nan lambar tsakiya, wato fosfaras, sifili ake so, sai in gwajin ƙasa ya nuna buƙata ko sabuwar ciyawa kake shukawa. Zaɓi takin da ke narkewa a hankali, ka auna filinka, ka bi ma'aunin da ke jikin buhu. Yawan taki ƙona ciyawa yake yi, ya kuma cinye kuɗinka.

Bayan ka gama, ɗauki tsintsiya. 'Yan ƙwayoyin da suka faɗa kan siminti da mashigar mota, share su ka mayar cikin ciyawa. Kada ka kore su da tiyo, don nan take za su bi kwata. In ka yi yanka, bar ɓurɓushin a wurin, ya ruɓe ya zama taki kyauta.

Ka sani kowane wuri da tasa dokar. Minnesota ta taƙaita fosfaras a faɗin jihar tun 2005. A gundumar Pinellas ta Florida da damina ne aka hana zuba taki, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba. Don haka kafin ka sayi buhu ko ɗaya, tuntuɓi ofishin malaman gona na gundumarka, ka tambayi watannin hani da inda ake gwajin ƙasa. Ruwan nan amana ce, kuma wani ne zai sha shi a gaba.