Amsar Tambaya: Me Mujallun Ilimi Ke Dubawa?

Tambaya: Ina digiri na biyu a Jami'ar Jihar Taraba, Jalingo. An dawo mini da bincikena kan noman shinkafa. Me mujallu ke dubawa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka karaya. Edita yakan fara duba ko aikin ya dace da fagen mujallarsa, sannan ya tace shi da manhaja irin ta Turnitin don gano satar fasaha. In ya tsallake, sai a miƙa wa masana, galibi biyu; wasu mujallun kan ɓoye sunanka. Su kam hanyar bincikenka suke tonawa: manoma nawa ka tambaya, yaya ka zaɓo su, wane sabon abu ka gano? Gyara abin da suka nuna, ka sake turawa. Mujallar da ta ce ka biya a buga maka cikin mako guda kuwa, ka guje ta.