Me Ya Sa Sanƙarau Ke Da Magani, Ƙyanda Kuwa Babu?

A watan Maris na shekarar 2025 cutar sanƙarau ta ɓarke a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega na Jihar Kebbi, har aka yi asarar rayuka. Duk da haka, majinyacin da aka gaggauta kai shi asibiti yana da kyakkyawan zaton tashi, domin akwai allurar da ke kashe ƙwayar cutar. To, amma in ƙyanda ce ta kama yaro a Gwandun nan, har yau babu maganin da ke kashe ƙwayarta. Iyakar abin da likita zai yi shi ne ya ba da bitamin A, ya sauke zazzaɓi, ya sa ido kan ciwon huhu, sauran yaƙin kuwa na jiki ne. Mene ne dalili?

Sanƙarau irin na lokacin zafi bakteriya ce ke kawo shi. Ita bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta: tana ci, tana hayayyafa, kuma tana kewaye da ganuwa, tamkar birnin da. Ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam ba su da irin wannan ganuwa. A nan sirrin yake. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, yana hana bakteriya gina ganuwarta, sai ta fashe, mutum kuwa bai ji komai ba tunda an rushe abin da shi ba ya da shi. Allurar sanƙarau ma haka take aiki.

Ƙyanda kuwa bairas ce ke haddasa ta. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo zai iya ganin bakteriya da madubin ɗakin gwaji, amma bairas ta fi ƙarfin wannan madubi saboda ƙanƙanta. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya haihuwa ita kaɗai. Sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar mutum, ta ƙwace kayan aikinta, ta tilasta mata ƙera dubban irinta. Ɓarawo ne da ya shige ɗaki ya rungume mai gida. Duk sandar da aka kai masa tana iya sauka a kan mai gidan. Dole masana su lalubo ɗan abin da bairas ta mallaka ita kaɗai, abin nan kuwa kaɗan ne, kuma ya bambanta daga wata zuwa wata. Shi ya sa fenisilin ɗaya ke maganin cututtuka da dama, alhali maganin ƙanjamau ba ya taɓa ƙyanda.

Ga kuma saurin rikiɗa. Da aka fara amfani da AZT a 1987, ba a jima ba ƙwayar ƙanjamau ta saba da shi. Sai a 1996, da aka riƙa haɗa magunguna uku, aka iya danne ta, ba warkewa ba. Warkewa ta sosai an same ta ne a ciwon hanta nau'in C, da magungunan da suka fara fitowa a 2013.

Saboda haka mai sayen kafso a kemis don mura ɓarnar kuɗi kawai yake yi, ga koya wa bakteriyar jikinsa taurin kai. Agana da aka shelanta kawar da ita daga duniya a 1980 ba magani ya kore ta ba, lamba ce.