Uwargida, Kada Ki Jefar Da Tsohuwar Rakodarki

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da yake jibge a ƙarƙashin gadon da yawa daga cikinmu, wato 'yar ƙaramar rakoda mai cin kaset.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, Sony kuma ya fito da Walkman a 1979, wadda ake ratayawa a saurara da abin kunne. A 2010 Sony ya daina ƙera mai kaset ɗin a Japan. Saboda haka wadda take hannunki, in ta mutu, samun irinta sai an sha wuya. Kuma ba rakodar ce kaɗai za ki rasa ba. Akwai kaset-kaset na tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ja'afar, akwai na walimar aurenki. Ni ina da wani da kakata ta yi magana a ciki aka aika wa kawuna yana Makka. Ta rasu, muryarta ba ta ko'ina sai a nan.

Mafi yawan rakodar da ake cewa ta mutu, lafiyarta ƙalau, abu kaɗan ne ya same ta. Ki fara duba gidan batir. In an bar batir a ciki ya daɗe, yakan yi ruwa ya cinye ƙarafunan. Ki kankare wannan farin garin da busasshen burushi, ki goge ƙarfen har ya yi haske, sannan ki wanke hannu, don yana cin fata. Kada ki bar yara kusa.

In murya tana fita a dishe kamar mai mura, kan da yake karanta zaren ne ya yi datti. Ki buɗe murfin, za ki ga ɗan ƙarfe mai sheƙi a tsakiya da 'yar tayar roba a gefensa. Ki ɗiga sifirit a auduga ki goge su, ki bari su bushe. Ban da ruwa, ban da man gyaɗa, don Allah! Dattin wannan tayar ne yake sa rakoda ta riƙa cin zare.

In kuwa kina jin inji yana kuka amma kaset ba ya juyawa, ko Malam yana jan magana kamar mai gyangyaɗi, to bel ne, wani siririn zoben roba da yake saki ko ya narke saboda daɗewa da zafi. Wannan kam aikin mai gyaran rediyo ne. Ki ba maigida ya kai, ya ce a duba bel tukuna kafin a fara lissafa masa wasu kaya.

Shi kansa kaset ɗin, zaren da ya warware a naɗe shi da biro a hankali. A nisanta shi da rana da bayan lasifika, domin maganaɗisu yana goge abin da aka ɗauka. A samansa akwai 'yan kunnuwa biyu, ki karya su, ba mai iya ɗaukar wani abu a kan karatun bisa kuskure. Ranar da rakodar ta tashi, ki ajiye wayarki kusa da ita a ɗaki shiru, ki fara ɗaukar kaset ɗin da ba ki da kwafinsa a ko'ina.