Darasi: Me Bincike Ya Gano Game Da Cin Zalin Mata A Gana?

'Yan'uwa ɗalibai, a bana mun zaɓi mu yi nazari a kan abin da kowa ya sani a zangonmu amma ba a cika faɗa ba. In aka ji kuka daga ɗakin maƙwabta da dare, me ake cewa? "Maganar cikin gida ce." Shi ke nan, kowa ya ja bargo.

Masu bincike sun ƙi jan bargon. A 1999 ƙungiyar Gender Centre da ke Akara ta fitar da rahoton da ya nuna mace ɗaya cikin uku a ƙasar nan ta taɓa shan duka. Shekaru takwas bayan haka, a 2007, aka kafa dokar hana cin zali a cikin gida mai lamba 732. Dokar ta haɗa har da zagi mai karya zuciya da danne wa mace dukiyarta. Akwai kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU, nan Tamale ma suna da ofis. Amma binciken da aka yi a 2015 ya gano cewa mata kusan 28 cikin 100 sun sha wani nau'in cin zali a gida cikin shekara guda kacal. Ashe doka ita kaɗai ba ta isa ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne gwajin da aka yi a wasu gundumomi huɗu na jihar Sentral. Mutanen gari da kansu suka zaɓi maza da mata da suka yarda da su, aka ba su horo, ana kiransu COMBAT. Su ne ke magana a taron jama'a, su shiga gida su yi nasiha, in abin ya yi tsanani su raka matar wurin hukuma. Da aka kwatanta da garuruwan da ba su da wannan tsari, sai aka ga matan sun ba da labarin raguwar tilasta musu kwanciya, damuwar zuciya ma ta ragu.

Da muka karanta wannan a aji, sai muka kalli juna. Ai muna da irin mutanen nan! Ga liman, ga magajiya, ga sarkin zango. Sai dai sau da yawa abin da matar ke ji a wurin manya shi ne "yi haƙuri ki koma", ba tare da an kira mijin an tsawata masa ba. Alhali an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba.

Kada kuma mu manta da tsofaffi. A Yulin 2020 aka kashe wata kaka mai shekara 90 a Kafaba, kusa da Salaga, bisa zargin maita, mutane na tsaye suna kallo.

Mun roƙi Malam ya gayyato jami'ar DOVVSU ta zo ajinmu bayan hutu. Tambayarmu ta farko: in yarinya ta ji tsoron zuwa ofishinsu, wa zai iya kai ƙara a madadinta?