Zaɓen Keke Ga Wanda Ya Daɗe Bai Hau Ba

Magidancin da ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin rabonsa da keke ba ya rasa iya hawa idan ya koma, domin jiki ba ya mance yadda ake daidaita kai a kan ƙafa biyu. Abin da ya canza shi ne jikin kansa da kuma kasuwar. Nauyi ya ƙaru, ƙugu ya yi tauri, numfashi ya gajarta, wataƙila gwiwa ma ta fara ƙorafi. Kasuwa kuwa ta cika da kekuna iri-iri waɗanda babu su a zamanin da Raleigh da Phoenix suka mamaye tituna. A nan ne yawancin masu komawa ke yin kuskure: su sayi keken da ya burge ido, su hau shi mako biyu cikin ciwon baya da na mazauni, sannan su jingine shi a zaure ƙura ta rufe.

Dalilan komawar ba ɓoyayyu ba ne. Lokacin da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na adaidaita sahu suka bi ta. Ga kuma masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Wanda wurin aikinsa ke da nisan kilomita 5, idan yana tafiyar kilomita 15 a awa, minti 20 zai kai shi. Zuwa da dawowa minti 40 ke nan, a kwana biyar na aiki minti 200. Ya cika ma'aunin ba tare da ya ware wani lokaci daban ba. Keke kuma ya fi gudu sauƙi ga gwiwa, saboda sirdi ne ke ɗauke da yawancin nauyin jiki.

Kafin a taka ƙafa kasuwa, a fara duba hanyar da za a riƙa bi. Kwalta ce mai kyau, ko mai ramuka, ko burji, ko lungu mai yashi? Akwai hawa? Za a ɗauki kaya, kamar jakar aiki ko cefane? Da kayan aiki za a hau, ko da na motsa jiki? A ina keken zai kwana, kuma sai an ɗaga shi an haye matakala? Amsoshin nan su ne ke zaɓen keke, ba sunan kamfani ba.

Tsohon baƙin keke mai birkin sanda, irin wanda kamfanonin Sin da Indiya kamar Phoenix da Hero ke ƙerawa, yana da kyawawan halaye da bai kamata a raina ba. Ana zama a kansa a miƙe, yana ɗaukar kaya, kuma babu ƙauyen da za a rasa mai gyaransa ko kayansa. Illarsa nauyi, don yakan kai kilo 20, ga shi giya ɗaya ce tak. Birkinsa kuma yana sanyi sosai idan ƙafar keken ta jiƙe da ruwan sama. Ga tafiyar kilomita biyu ko uku a gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar Kano ko Maiduguri, ya wadatar. Ga mai hawa da gangara irin na Jos ko Abuja, zai sa gwiwa ta wahala.

Keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai ba na mai komawa ba ne. Yana tilasta sunkuyo, kuma tayarsa ba ta jure rami.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne keken hawa duwatsu mai rahusa, mai kaurin taya da sifirin gaba da baya. A ido, kamar shi ne maganin miyagun hanyoyi. Amma sifirin na gaske da ke kan kekuna masu tsada daban yake da na mai arha, wanda ƙarfe ne kawai mai ƙara nauyi. Duk lokacin da aka taka feda, keken yana lotsawa yana tasowa, wani kaso na ƙarfin ƙafa ya tafi a banza. Bayan 'yan watanni mahaɗan su saki, su fara ƙara, kuma da wuya a samu abin canji. Tayar mai manyan haƙora an yi ta ne don taɓo da duwatsu, a kan kwalta jan ƙafa take yi. Sifirin baya kuma yakan hana ɗaura kariyar ɗaukar kaya yadda ya kamata. Kuɗin da aka kashe a wannan ado an rage shi ne daga birki da giya da ƙafafu, wato sassan da rai da jin daɗi suka dogara a kansu. Wanda hanyarsa ke da yashi ko burji sosai, ya nemi keken duwatsu marar sifirin baya, ya sa masa taya mai ƙananan haƙora.

Ga mafi yawan masu komawa, abin da ya fi dacewa shi ne keken tsaka-tsaki: miƙaƙƙen kai, firam marar sifirin, taya mai matsakaicin faɗi, da giya kaɗan. Nauyinsa kan tsaya tsakanin kilo 11 zuwa 14. Akwai kuma kekunan gari na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan, waɗanda da yawansu ba su da ƙarfen sama, ko kuma ƙarfen ya yi ƙasa sosai. Ana kiransu keken mata, sunan da ke sa wasu maza ƙyamarsu ba gaira ba dalili. Ga dattijo mai taurin ƙugu, ga mai sanye da kaftani ko doguwar riga, babu keken da ya fi shi sauƙin hawa da sauka, kuma galibi yana zuwa da marufin sarƙa da kwando da fitila.

Bayan nau'i sai girma, kuma girma ya fi komai muhimmanci. Da keke mai tsada da bai dace da tsawon mai shi ba, gara mai arha da ya dace. Gwajin farko: mutum ya tsaya a ƙasa keken na tsakanin ƙafafunsa. Ya kamata a samu tazarar aƙalla yatsu biyu tsakanin ƙarfen sama da jikinsa. Gwaji na biyu shi ne miƙa hannu. Idan ya zauna ya riƙe kan keken, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗu su saki, ba a ɗage ba. Idan sai ya miƙe hannu sarai kafin ya kai, firam ɗin ya yi masa tsawo, kuma wuya da tafin hannu ne za su biya.

Tsawon sirdi ne inda kusan kowa ke kuskure. Mai komawa yana jin tsoron faɗuwa, sai ya sauke sirdi ƙasa don tafin ƙafarsa biyu su taɓa ƙasa yana zaune. Wannan shi ne babban abin da ke jawo ciwon gaban gwiwa da saurin gajiya, domin ƙafa ba ta samun miƙewa. Hanyar gyara mai sauƙi ce. A jingina da bango, a zauna a sirdi, a ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsawon ya yi. Da an koma takawa da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, yadda ake so ke nan. Masu son lissafi sukan auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa matsematsi, su ninka da 0.883. Mai santimita 80 zai samu wajen santimita 70 da rabi, daga tsakiyar inda hannuwan feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Ba laifi a fara da ɗan ƙasa da haka a makon farko, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan yayin da tsoro ke raguwa. A kula da layin da aka zana a jikin sandar sirdi: ba a ɗaga ta ta wuce shi, don tana iya karyewa ko ta fasa firam.

Shi kansa sirdin, ba mai laushi ƙwarai ne ya fi daɗi ba. Ƙasusuwan mazauni biyu ne ya kamata su ɗauki nauyi, kuma soso mai yawa yana nutsar da su ya matse naman da ke tsakani. Mai zama a miƙe yana bukatar sirdi mai ɗan faɗi, mai sunkuyo kuma siriri. A daidaita shi a kwance, hancinsa bai ɗaga ba bai sunkuya ba. Ɗan ciwon mazauni a makon farko ko na biyu ba abin damuwa ba ne, yana wucewa. Amma mutuwar jiki ko jin kamar tafiyar kiyashi a gaba alama ce ta sirdin da bai dace ba, kada a daure mata.

Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 45 ta fi dacewa da titunan garuruwanmu. Tana shanye girgiza, tana jure rami, kuma ba ta da nauyin ta keken duwatsu. Inda tsidau da ƙaya suka yi yawa, taya mai kauri ta fi arha a kan zaryar zuwa wurin mai faci. Akwai wani tarko da mai sayen gwanjo ya kamata ya sani. Lambar inci da ake faɗa a baki ba ta isa ba. Tayar tsohon baƙin keke da ake kira 28 tana hawa rim mai milimita 635, alhali tayar da Turawa ke kira 28 ko 700C tana hawa mai 622. Haka 26 ta keken duwatsu 559 ce, ta kekunan gari da yawa na Japan da Ingila kuwa 590. Ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Lambar gaskiya tana rubuce a gefen taya, kamar 37-622, inda ta farko faɗi ce, ta biyu girman rim. A karanta ta, a tambayi masu sayar da kayan keke na kusa ko suna da irinta, kafin a biya kuɗi. A nan gefen ne kuma aka rubuta yawan iskar da tayar ke ɗauka.

Giya 21 ba bukata ba ce. Bakwai ko takwas a baya da faranti ɗaya a gaba sun ishi mai zirga-zirgar gari, kuma sun fi sauƙin gyara. Giyar da ke rufe cikin cibiyar ƙafar baya, irin mai uku ta Sturmey-Archer ko Shimano, ƙura ba ta damunta, sai dai ba kowane mai gyara ne ya iya buɗe ta ba. Amfanin giya shi ne ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi, kamar sau 70 zuwa 80 a minti, maimakon danna feda da ƙarfi a hankali. Birki mai roba da ke kama gefen rim ya wadatar, kuma robarsa tana ko'ina. Birkin faifai ya fi kamawa cikin ruwa, amma mai aiki da waya ya fi sauƙin gyara a unguwa a kan mai aiki da mai.

Keken gwanjo mai asali sau da yawa ya fi sabo mai arha inganci, muddin an duba shi da kyau, kuma gara a tafi da mai gyaran keke da aka yarda da shi. A bi mahaɗan firam da ido ana neman tsagewa, musamman inda aka yi sabon fenti a wuri ɗaya. Firam na ƙarfe mai walda zai iya ɗinke shi, na alminiyam kuwa in ya tsage an yi asara. A tsaya a gaba a duba ko ƙarafa biyu masu riƙe ƙafar gaba sun lanƙwashe baya, alamar an taɓa yin karo. A ɗaga kowace ƙafa a juya ta, a ga ko tana rawa. A matse birkin gaba a tura keken gaba da baya, in an ji ƙwas-ƙwas, wuyan ya saki. A ja sarƙa daga gaban faranti, in ta ɗago har haƙori ya bayyana, ta ci. A tabbatar sandar sirdi tana motsi, ba ta yi tsatsa ta manne ba. Sannan a hau a zagaya na minti goma, ana canza kowace giya. Mai sayarwar da ya hana gwaji, a bar masa kayansa.

Kada kuɗin ya ƙare a kan keken kaɗai. Hular kwano da ta zauna daidai a kai, farar fitila a gaba da ja a baya, ƙararrawa, famfo, da makulli mai ƙarfi duk suna cikin farashi. Kariya ta fi goya jaka a baya, wadda ke jiƙa riga da gumi. Idan babu marufin sarƙa, a ɗaure bakin wandon dama.

Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai shan maganin suga, ya ga likita kafin ya fara. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko sarƙewar numfashi da ta wuce kima, ya sauka nan take ya nemi asibiti. Sauran su fara da minti 10 zuwa 15 a fili ko layin da ba cunkoso, sau uku a mako, suna gwada birki da waiwaye da nuna hannu kafin juyawa. Sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin ƙoƙari shi ne mutum ya iya magana yana tafe, ko da numfashinsa ya ɗan ɗaga. A lokacin bazara a hau da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a tare. A titi a bi hannun dama tare da motoci, kada a fuskance su, a bar tazara daga motocin da ke tsaye saboda buɗe ƙofa, a kuma sa ido kan adaidaita sahu mai tsayawa ba sanarwa.

Kulawar ba ta da yawa. A duba iska da birki kowane mako. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mata mai marar kauri, a sake gogewa. Baƙin man inji da giris suna tara ƙurar hunturu su cinye sarƙa da haƙora. Sabon keke kuma a mayar da shi wurin mai gyara bayan wata guda, domin a wannan lokacin ne wayoyin birki da na giya ke saki, kuma a ƙara ɗaure duk kusoshin da suka yi sako-sako.